Ina Ruwan Ɗan Kaduna da Katantanwar Bakin Teku?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta taso a ajinmu a zangon karatun da ya wuce, wadda har yau ba ta fita daga zuciyata ba.

Wata ranar Talata ce, bayan mun dawo daga hutun tara, malaminmu na ilmin halittu ya shigo aji ya zana wani abu a kan allo mai kama da malfa an kife ta a kan dutse. Ya ce mana wannan wata irin katantanwa ce da ke zaune a kan duwatsun bakin teku, Turawa suna kiranta limfet. Bai kai ga rufe baki ba sai wani abokina da ke zama a kujerar baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, me wannan abu zai ƙare mu da shi?" Aji duka ya bushe da dariya, har da ni. Malam bai yi fushi ba. Ya ce tambayar tana kan hanya, amma ba shi zai amsa ta ba, mu je mu nemo amsar da kanmu.

Da na koma gida Unguwar Mu'azu na ba mahaifina labari bayan sallar isha'i, sai ya ce, "Ai yaron nan ya yi gaskiya. Da noman masara aka koya muku da ya fi." Na ce, "Haka ne, Baba." A lokacin kuwa har cikin raina haka na gani. To, yanzu na sake ra'ayi. Ina ganin ya kamata ɗan Kaduna ya san yadda wannan 'yar halitta ke rayuwa, kuma dalilina shi ne kogin da ke ratsa garinmu. Amma kafin in kai ga kogi, bari in fara gaya muku abin da na samo game da ita kanta katantanwar.

Tun da kakanninmu ba su zauna a bakin teku ba, ba su raɗa mata suna ba, saboda haka ni zan riƙa kiranta mai malfa. Kwansonta ba a naɗe yake kamar na dodon koɗi ba. Guda ɗaya ne, mai faɗi a ƙasa, mai tsini a sama. Irin da aka fi sani a gaɓar Ingila ba ya wuce santimita 6, watau dai kamar murfin ƙaramin gwangwani. A ƙarƙashin kwanson akwai ƙafa guda ɗaya mai faɗi, tsoka zalla, da ɗan kai mai ƙaho biyu. Ana samun ire-irenta a kusan kowace gaɓar teku mai duwatsu a duniya. A nan Afirka ta Yamma akwai su a duwatsun Dakar da wasu wurare a gaɓar Ghana. Gaɓar Nijeriya kuwa, ko da yake ta kai kimanin kilomita 850, yawancinta yashi ne da taɓo, duwatsu kaɗan ne.

Wurin da take zaune yana da wuyar sha'ani. Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar tafki. Saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya, teku yakan cika ya hauro gaɓa, sa'an nan ya janye, sau biyu ke nan a yini da kwana a yawancin wurare. Tsakanin cika da cika akwai kamar awa 12 da minti 25. To, filin nan da ruwa ke rufewa yana buɗewa, nan ne gidan mai malfa. In ruwa ya hauro, raƙuman ruwa su yi ta dukan dutse da ƙarfin da zai iya ka da ƙato. In ya janye, rana ta ƙwalle, iska ta busar da kome, alhali kuwa ita da ruwa take numfashi kamar kifi. Mu da muka san damina da rani, sai mu kwatanta da a ce ambaliya da fari suna zuwa mana sau biyu kowace rana ta Allah.

Dabararta ta farko ita ce riƙo. Ƙafar nan tata tana fitar da wani yauƙi mai danƙo, kuma tana kama dutse kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. In mutum ya shammace ta ya ture ta da sauri, yana iya ɓamɓare ta. Amma in ya kuskura ya fara taɓa ta, ta ji motsi, sai ta ja kwansonta ta danne, daga nan ko yatsunsa za su karye ba zai ɗaga ta ba sai da wuƙa. Siffar malfar ita ma tana taimakonta, domin ruwa ba ya samun inda zai kama, sai ya bi ta kai ya wuce. Wannan riƙo nata ya shahara har sojojin Ingila, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka sa wa wata nakiya da ake manna wa jikin jirgin ruwa sunanta.

Dabara ta biyu ita ta fi ba ni mamaki. Kowace mai malfa tana da nata gurbi a kan dutse. In dutsen mai laushi ne, sai ta yi ta goga bakin kwansonta a kansa har ya yi zobe daidai da ita. In kuwa mai tauri ne, sai bakin kwanson ya girma daidai da tudu da kwarin dutsen. Ta haka in ta zauna a gurbinta babu kafar da ta rage, kamar murfi da tukunyarsa. Kafin ruwa ya janye takan riƙe ɗan ruwa a ƙarƙashin kwanson, da shi za ta yi ta numfashi har teku ya komo. In ruwa ya rufe ta, ko kuwa da dare sa'ad da dutse ke da laima, sai ta fita kiwo, ta yi tafiyar da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba, kana ta komo gurbinta, ta juya ta daidaita yadda take a dā. Masana suna ganin yauƙin da take bari a hanya yana cikin abin da ke nuna mata gida. Wadda ta yi sake rana ta riske ta a waje, ko ta bushe ko tsuntsu ya cinye ta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abincinta kuwa shi ne gansakukar nan siririya da ke sa dutse santsi, da 'ya'yan ciyawar teku tun ba su yi tsawo ba. Tana da wani dogon harshe mai kaushi kamar magagari, ya fi jikinta tsawo, a naɗe yake a ciki, da haƙora jere sama da layi 100. Da shi take kankare dutse. In na gaba sun cinye, na baya su matso, wasu kuma suna tsirowa. A shekarar 2015 wasu masana a Jami'ar Portsmouth ta Ingila, a ƙarƙashin Farfesa Asa Barber, suka gwada ƙarfin haƙorin, wanda tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba. Suka tarar an saƙa shi da wasu siraran zarurruka na ma'adinin ƙarfe, dangin tsatsa, kuma wajen jure ja ya fi zaren gizo-gizo, wanda a dā shi ake ɗauka ya fi kome ƙarfi cikin abin da mai rai ke yi. Injiniyoyi suna nazarin wannan saƙa ko za su kwaikwaye ta wajen ƙera jikin mota da na jirgi.

Tana da maƙiya, ga ƙaguwa, ga kifi, ga wani tsuntsu mai dogon jan baki da ke sa bakinsa ya ɓamɓare ta. Akwai kuma wata halitta mai hannu biyar kamar tauraro. In wannan ta matso, sai mai malfa ta ɗaga kwansonta sama, ta sako shi da ƙarfi a kan hannun maƙiyiyar, ta datse shi. Wani abin al'ajabi kuma, irin na Ingila yawanci sukan fara rayuwa suna maza, bayan 'yan shekaru wasunsu su rikiɗe su koma mata. Ba sa kwanci, sai dai su saki ƙwayayensu cikin ruwa, 'ya'yan su yi 'yan kwanaki suna yawo a teku, wanda Allah ya yi wa sauran kwana ya samu dutse ya manne. In ta samu zaman lafiya takan yi shekara 10, wata ma har ta kusa 20. Ikon Allah ke nan.

To, duk wannan labari ne mai daɗin ji, amma abokina yana iya cewa, "Mun ji, sai me?" Ga inda maganar take. Wanda ya je gaɓa mai duwatsu ya ga dutse fes, zai zaci haka Allah ya yi shi ba ya fid da ciyawa. Ashe masu malfa ne ke share shi kullum, kamar yadda garken tumaki ke hana fili zama daji. A shekarun 1940 wasu masana a tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, suka tsince masu malfa duka daga wani yanki na gaɓa don su ga abin da zai faru. Ba a daɗe ba wurin ya rufe da koriyar gansakuka, daga baya doguwar ciyawar teku ta mamaye shi, alhali gefe da gefe inda ba a taɓa ba dutse yana nan yadda yake. Watau 'yar abar nan da ba ta ko motsi a idon mai kallo, ita ce ke yanke hukuncin abin da zai tsira da wanda ba zai tsira ba a wurin.

Abin da masana suka gwada a ɗan fili, tsautsayi ya zo ya gwada shi a gaɓa mai tsawo. Ranar 18 ga Maris 1967 wani ƙaton jirgin dakon mai da ake kira Torrey Canyon, ɗauke da ɗanyen mai kusan tan 120,000 daga Kuwait, ya yi karo da duwatsu kusa da Cornwall a kudu maso yammacin Ingila. Mai ya malala ya rufe gaɓa, dubban tsuntsaye suka mutu. Hankalin hukuma ya tashi, ga lokacin baƙi masu zuwa hutu bakin teku ya gabato. Sai aka kawo wani maganin narkar da mai, kimanin tan 10,000, aka yi ta kwarara shi a teku da kan duwatsu. Har jiragen yaƙi aka tura suka yi wa jirgin ruwan bama-bamai don man ya ƙone.

Duwatsu suka wanku, ido ya ga haske. Amma maganin ya fi man dafi. Masu malfa suka mutu birjik, kwansonsu ya cika ramukan dutse. Cikin 'yan watanni gaɓar ta koma kore shar, bayan haka doguwar ciyawa ta rufe ta ruf, ta kashe wasu ƙananan halittun da ke zaune a kan dutsen. Da 'ya'yan masu malfa suka komo suka tarar da abinci ba iyaka, sai suka yi yawa fiye da kima, suka cinye kome, yunwa kuma ta kashe su. Haka abin ya yi ta tangal-tangal. Wani masani mai suna Alan Southward da matarsa Eve, na cibiyar nazarin halittun teku da ke Plymouth, sun bi wannan al'amari shekara da shekaru, suka buga sakamakonsa a 1978. Inda aka zuba magani da yawa, sai da aka yi shekara 10 ko fiye kafin gaɓar ta koma daidai. Inda mai ya taɓa amma ba a zuba maganin ba, cikin shekara 2 zuwa 3 ta warke. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mutanen nan ba mugunta suka nufa ba. Abin da ya faru shi ne, masu ba da umarni ba su san aikin da 'yar katantanwa ke yi ba.

Da na karanta wannan, sai zuciyata ta komo gida. Daga Kaduna zuwa teku ya fi kilomita 600, amma muna da namu ruwan mai duwatsu. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa garinmu, ya bi ta Shiroro inda aka gama madatsar wutar lantarki a 1990, ya je ya haɗu da Kwara a ƙasar Nufe, tafiyar kimanin kilomita 550. Shi ma yana cika yana janyewa, sai dai nasa sau ɗaya ne a shekara. Da damina ya tumbatsa ya rufe duwatsu, wani lokaci har ya shiga gidaje kamar yadda ya yi a 2003 da 2012. Da rani ya janye, duwatsu su fito baƙi ƙirin suna ƙuna a rana. Sai na tambayi kaina, shin waɗanne halittu ne ke manne da namu duwatsun, kuma yaya suke yi da rani? Kullum ina ganin kogin nan in mun hau gada, amma ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba sai da aka zana mini malfa a kan allo.

A hutun da ya wuce, cikin hunturu, na matsa wa yayana har ya raka ni bakin kogi. Ya ce, "Zan kai ka, amma da sharaɗi, ba ka sa ƙafa a ruwa." Na ce, "Na yarda, Yaya." Muka sa takalman roba, muka ɗaura leda a hannu, muka riƙa juya duwatsun gefe. Wallahi ban san akwai jama'a haka a ƙarƙashin dutse ba. Ga katantanwa iri-iri, mai doguwar naɗi da mai zagaye, ga tsutsotsi masu gina wa kansu ɗaki da yashi, ga 'yar ƙaguwa ta ruga ta ɓuya. A jikin wani dutse, inda ruwa ke gudu, na ga wani ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai siffar malfa sak. Da muka koma makaranta na kwatanta wa Malam, ya ce lalle akwai masu malfa na ruwan daɗi a kogunan Afirka. Ba dangin na teku ba ne na kusa, siffar ce ta zo ɗaya domin wahalar ɗaya ce, watau ruwa mai fizga. Ya ƙara da cewa a Afirka ta Kudu masana suna amfani da wani irinsu wajen gwada ko ruwa yana da guba.

Amma da muka matsa ƙasa kaɗan, inda wata babbar kwata ke zubowa cikin kogin, sai labari ya sha bamban. Ruwan baƙi ne, yana wari, ga maiƙo yana ƙyalli a kansa, ga leda ta naɗe kowane dutse. Na juya dutse ya fi 10, ban ga kome ba sai wasu jajayen tsutsotsi. Ba sai an kawo na'ura ba, duwatsun da kansu sun gaya mini inda kogi ke da lafiya da inda ba shi da ita.

Wa ya yi wannan aiki? Yana da sauƙi mu ce masana'antu ne, kuma ba na wanke su. Amma ruwan kwatar nan daga unguwanni ya fito. In hadari ya haɗu, mu yara akan aika mu juye shara a cikin kwalbati don ruwa ya tafi da ita, ni kaina na sha yi. Baƙin man da aka juye daga injin mota da na babur da janareta, a kwata yake ƙarewa. Haka ruwan rini, haka ragowar maganin feshi da aka wanke a bakin rafi. An kuma san yadda wasu marasa tsoron Allah a ƙasar nan suka riƙa zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, su kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Turawan Cornwall sau ɗaya suka yi nasu kuskuren, suka yi shekara 10 suna biya. Mu kuwa kullum muke zuba namu kaɗan kaɗan. Kuma kada mu manta, daga kogin nan ake jan ruwan famfon da ake tacewa a Malali, da shi masu lambu ke ban ruwan latas da tumatir da alayyahon da ake kawowa kasuwa, daga cikinsa masunta ke kamo kifi. Ƙananan kifaye suna cin 'yan halittun ƙarƙashin dutse, manya suna cin ƙanana, mu kuma muna cin manya.

Na san akwai masu ja da ni, kuma ba zan ɓoye hujjarsu ba. Na farko zai ce, katantanwar ruwa ai ita ke kawo tsargiya, me zai sa a tausaya mata? Gaskiya ne wasu irinta, ba duka ba, su ne masaukin tsutsar da ke sa yara fitsarin jini, cutar da wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, shi ya sa yayana ya hana ni shiga ruwa. Amma mu duba yadda abin ke zagayawa. Mai cutar ne ke yin fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya yi yawa a cikinta, ya fito ya huda fatar mai wanka. In ba a yi fitsari da bahaya a ruwa ba, katantanwa ba ta da abin da za ta ba kowa. Akwai kuma maganin cutar a asibiti, ana ma raba shi a makarantu. Wannan hujja a ganina tawa take ƙarfafawa, domin wanda ya san katantanwa iri-iri shi zai san wadda zai guda da irin ruwan da take so. Wanda bai sani ba, ko dai ya faɗa ruwa ya kwaso cuta, ko ya ce a zuba guba a kashe duka, ya maimaita abin da aka yi a Cornwall.

Na biyu zai ce, lokaci kaɗan ne, jarrabawa na tafe, a koya mana abin da ke kusa da mu. Na yarda da rabin maganarsa. Kuskure ne a koya mana gaɓar Ingila a bar mu ba mu san gaɓar Kabala ba. Sai dai ni shaida ne cewa na nesa ne ya buɗe mini ido na ga na kusa. An yi shekaru masu yawa ana nazarin mai malfa, an san abincinta da maƙiyanta da abin da ke biyo bayan mutuwarta. Darasin a shirye yake, an riga an biya kuɗinsa da tsada. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, kamar Baba, zai ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, wa ke ta katantanwa? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba na raina ta. Amma in kogi ya lalace, mai kuɗi zai haƙa rijiyar burtsatse ya sayi ruwan roba. Talaka ne zai sha abin da ya samu, shi zai ci ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, shi kuma zai kai ɗansa asibiti. Masunci da mai lambu su za su fara rasa sana'a. Manomin masarar da Baba ke magana shi ma ya san akwai tsutsar da ke gyara ƙasa, akwai kuma wadda ke cin amfani, kuma wanda bai bambance su ba ba manomi ba ne.

Saboda haka ga roƙona. Ga hukumar makaranta, ina roƙon a riƙa kai 'yan ajin kimiyya bakin kogi ko da sau ɗaya ne a shekara, da rani, da takalman roba da safar hannu, malami yana tsaye. A zaɓi wuri biyu, ɗaya sama da bakin kwata, ɗaya ƙasa da shi. A juya dutse 20 a kowane wuri, a ƙirga abin da aka gani, a zana shi, a mai da dutsen yadda yake, a rubuta a littafi guda da za a ajiye a ɗakin gwaje-gwaje. In kowane aji ya yi haka, bayan shekara 10 makarantarmu za ta mallaki tarihin lafiyar kogin nan, kuma abin da za a kashe bai wuce kuɗin mota ba. Mu kuma tambayi masunta da tsofaffin da suka daɗe a bakin kogi sunayen waɗannan halittu da Hausa da Gwari, mu rubuta kafin su ɓace, domin da ɗan gari akan ci gari.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu daina juye shara a kwalbati in hadari ya taso, mu daina wanka da fitsari a kogi da kududdufi, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa kada ya ji kunya, ya gaya wa iyayensa a kai shi asibiti. Ga iyayenmu, muna roƙo cikin ladabi, in an aike mu da shara a nuna mana bola. Masu gyaran mota da babur su tara baƙin mai a jarka, akwai masu sayensa. In kuma ɗanku ya zo gida da labarin wani abu da kuke ganin ba shi da amfani, ku ɗan saurare shi tukuna.

Na koma wa Baba da wannan bayani duka, har da labarin jirgin man. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ai sai ka fara da kwatar ƙofar gidanmu." Ranar Asabar ɗin nan ni da ƙannena muka yashe ta, muka cika buhu uku da leda. Abokina mai tambaya kuwa har yanzu bai sallama ba, ya ce sai ya gani da idonsa. Na ce masa Allah ya kai mu rani, ni zan ara masa takalman roba.

A nan zan dasa aya. Wanda yake da ja, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.

Daga wani ɗan aji biyar,
Unguwar Mu'azu, Kaduna.